Waye Tony Hancock, kuma me ya sa mu Frank Spencer muka sani?

Wani ƙanenmu mai karatun aikin jarida ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya tashi ya tarar da yayyensa suna labarin Frank Spencer da Mind Your Language, shi kuma zamaninsa na Mr Bean ne. Sai ga shi ya ji Turawan Ingila in suna lissafin gwanayensu na barkwanci, duk waɗannan can baya suke barinsu, su ɗora wani Tony Hancock da 'yan Goon Show a gaba, mutanen da ko sunansu bai taɓa ji ba. Yana so ya san su waye, me ya hana su iso mana, kuma wanda zai nema daga ina zai fara.

To ƙanena, ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, don na daɗe ina koyar da rubutun wasan kwaikwayon rediyo, kuma da muryoyin mutanen nan nake buɗe darasi. Abin da ya ƙetaro teku ya zo mana barkwancin ido ne: tuntuɓe, faɗuwa, yamutsa fuska, ɓarin kaya. Wanda su suke ji da shi kuwa a kunne aka haife shi, kuma a kan wani ciwo na cikin gidansu aka gina shi, wato maganar waye ubanka, wace makaranta ka yi, da wane irin baki kake Turanci. Irin wannan ba ya jure tafiya.

Bari mu faro daga rediyo. Kafin zuwansa, ɗan barkwancin Ingila a gidajen rawa da waƙa yake cin abinci. Mutum sai ya yi shekara da shekaru yana yawo gari-gari da ɗan wasa guda, bai sauya ko wasali ba, don kowane mako sababbin 'yan kallo ne. Rediyo ya zo ya karya wannan sana'a. Abin da ka faɗa daren yau duk ƙasa ta ji, mako mai zuwa dole ka zo da sabo. Tun daga nan marubuci ya zama uban tafiya, kuma in ka lura za ka ga duk labarin da zan ba ka rabinsa labarin marubuta ne.

Shirin da ya riƙe su lokacin yaƙin duniya na biyu shi ne It's That Man Again, wanda suke taƙaitawa ITMA. Sunan daga kanun jaridu aka ɗauko shi, abin da suke rubutawa duk lokacin da Hitila ya sake tayar da wata fitina: ga mutumin nan kuma. Tommy Handley ɗan Liverpool ne jagora, Ted Kavanagh ke rubutawa, aka fara a 1939 aka yi ta yi har Janairun 1949, lokacin da Handley ya mutu kwana 3 bayan shirin ƙarshe. Gaskiya ni yau ba ya ba ni dariya. Zuba ce da gudu, kowane ɗan wasa ya buɗe ƙofa ya faɗi 'yar maganarsa da aka san shi da ita, jama'a su tafa, ya fita. Amma mutanen da ake ruwan bama-bamai a kansu, jin wannan maganar da suka saba da ita kowane mako shi ne shaidar cewa duniya ba ta tashi ba tukuna.

Waɗanda suka sauya komai samari ne da suka dawo daga fagen fama. Spike Milligan, wanda aka haifa a Indiya a 1918, da Harry Secombe, duka sojojin igwa ne, kuma a Arewacin Afirka suka fara haɗuwa. Yadda su da kansu suke ba da labarin, igwar su Milligan ce ta kufce daga kan tudu ta gangaro ta wuce daf da motar da Secombe yake ciki. Can sai ga Milligan ya leƙo yana tambaya ko akwai wanda ya ga wata igwa. Secombe ya ce masa, wace launi? Daga baya suka haɗu da Peter Sellers da Michael Bentine, aka fara shirin a 1951 da sunan Crazy People, sannan ya koma The Goon Show, ya kai har 1960.

Abin da Milligan ya gano shi ne mai sauraro ba shi da ido, don haka duk abin da ka ce akwai, to akwai. Kana iya sa mutum ya ɗauki kurkuku ya tsallaka teku da shi, kuɗin da za ka kashe bai wuce na ƙarar ruwa da nishin mutum biyu ba. Ga misali ɗaya da ba ya buƙatar jin Turanci mai zurfi. Akwai wani dolo a shirin, Eccles. Aka tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce a dakata ya duba, wani bawan Allah ya rubuta masa lokaci a takarda tun da safe: ƙarfe takwas. To in aka tambaye ka kuma takwas ba ta yi ba fa? Ai sai in ƙi nuna takardar. To ta yaya kake sanin takwas ta yi? Ga shi kuwa a rubuce a takarda. Wauta ce, amma wauta mai bin ƙa'ida, kowace amsa tana zaune daram a kan wadda ta gabace ta. A ƙarƙashinta kuma akwai fushin ƙaramin soja da ya ga manyan hafsoshi suna ba da umarnin da bai fi na Eccles ma'ana ba. Milligan ya ji rauni a Italiya a 1944, ƙarar bam ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma nauyin rubuta shirin kowane mako ya sha kai shi asibitin masu taɓin hankali. 'Yan Monty Python, ƙungiyar barkwancin talabijin da ta zo a 1969, ba su taɓa ɓoye cewa a gindin rediyo suna yara suka koyi sana'ar daga wurinsa ba. Sarki Charles na yanzu ma tun yana yaro masoyin shirin ne.

Ka kuma sani a daure suke aiki. A 1949 BBC ta fitar da wani ɗan littafin ƙa'idoji da ake kira Koren Littafi, wanda ya haramta raha a kan bayan gida, da amarya da ango, da kamfan mata, da ɗan haya a gidan matar aure, da sauransu. Ina ganin takunkumin nan ya yi musu rana. Wanda aka hana batsa dole ya nemi dariya a wani wuri, ko ya koyi habaici.

Yanzu ga mutumin naka. An haifi Tony Hancock a Birmingham a 1924, ya tashi a Bournemouth inda iyayensa ke riƙe da otal, ya yi wasan nishaɗantar da sojojin sama lokacin yaƙi. Amma ba za a yi maganarsa ba sai da Ray Galton da Alan Simpson. Waɗannan biyun a gadon asibiti suka haɗu a 1948, a wani asibitin masu tarin fuka da ke Milford, suna samari da ba su kai 20 ba, a zamanin da cutar take kisa. Zaman jinya ya yi tsawo, sai suka fara rubuta 'yan wasanni ga ɗan rediyon cikin asibitin. Shekara 6 bayan haka, a Nuwamban 1954, BBC ta fara watsa Hancock's Half Hour da alƙalaminsu.

A lokacin al'adar shirin ban dariya ita ce a yi raha minti kaɗan, mawaƙiya ta shigo, a dawo, makaɗa su karɓa. Hatta Goon Show haka yake. Su Galton suka ce a'a: labari ɗaya, rabin awa, ba waƙa a tsakiya, kuma dariyar daga halin mutum za ta fito. Mutumin da suka ƙera ya ari sunan Hancock ɗin kansa, aka ƙawata shi ya zama Anthony Aloysius St John Hancock, suna irin na 'ya'yan gidan sarauta. Yana sa hular manya da kwat mai gashi a wuya. Yana ganin kansa ɗan boko, masanin zane da falsafa, wanda duniya ta ƙi ganewa. Adireshinsa kuwa lamba 23, Railway Cuttings, East Cheam. Bature na jin wannan zai yi murmushi, mu kuwa sai an yi mana fashin baƙi. Cheam unguwar masu rufin asiri ce a gefen Landan, shi kuma nasa gidan a wani lungu ne bakin layin dogo. Kamar mutum ya ce maka a GRA yake zaune, in ka raka shi ka tarar bayan katangar GRA ne, gefen kwata. Kusa da shi kullum akwai Sid James, haifaffen Afirka ta Kudu mai fuska kamar tsohuwar jaka da dariyar 'yan tasha, wanda aikinsa shi ne ya damfare shi ko ya sace masa iskar taya duk lokacin da ya fara hura hanci. A rediyo akwai kuma Bill Kerr da Hattie Jacques da Kenneth Williams.

Wanda nake sa wa ɗalibai kullum shi ne na 1958 mai suna Sunday Afternoon at Home. Ba abin da ke faruwa a cikinsa. Lahadi ce da rana a Ingilar wancan zamani, kantuna a rufe, ana ruwa, an ci abincin rana marar daɗi, mutum huɗu suna zaune a falo. Hancock ya yi ajiyar zuciya. Shiru. Ya tambayi ƙarfe nawa. Shiru. Ya fara neman siffar fuskoki a jikin takardar adon bango. A rediyo shiru abin tsoro ne, don mai sauraro zai zaci tashar ta ɗauke ya murɗa gaba. Su kuwa suka mayar da shirun shi ne wasan. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ranar hutu, babu kuɗi, babu wuta, babu wurin zuwa, zai gane mutanen nan ko da rabin Turancin ya wuce shi.

A 1956 shirin ya shiga talabijin, aka gano cewa mutumin yana da abin da rediyo ya ɓoye: fuska. Sai a faɗa masa magana, a bar na'ura a kan fuskarsa, ka ga rashin fahimta, sannan zargi, sannan jin haushi, sannan ƙoƙarin maido da girma, duk bai buɗe baki ba. Mafi shahara shi ne The Blood Donor na 1961. Ya je ba da jini don a san shi ma ɗan ƙasa nagari ne, yana tambaya ko ana ba da lamba. Likita ya ɗan huda masa yatsa don gwaji, ya miƙe zai tafi a zatonsa an gama. Da aka ce masa ai fiye da rabin lita ake ɗiba, ya ce wannan ai kusan jinin hannu guda ne cur. Aka gaya masa jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne, nan take ya fara jin kansa jinin sarauta, ya dinga damun asibiti da waya yana son sanin ko wanda za a ba jinin ya cancanta. Ƙarshe ya yanke da wuƙar burodi, aka kawo shi, aka mayar masa da jinin nasa.

Ƙarshen Hancock na gaske ba daɗin ji. Irin girman kan da ake dariyarsa a wasa yana nan a jikin mai wasan, sai dai ba dariya a ciki. Ya ga muryoyin ban dariya na Kenneth Williams sun yi masa araha, aka rage su har Williams ya bar shirin. Ya ji tsoron kada a ɗauke su tagwaye shi da Sid James, ya rabu da shi bayan 1960. Sannan ya yi babbar ɓarnar, ya sallami Galton da Simpson a 1961, yana son ya zama tauraron duniya irin Chaplin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shirye-shiryen da ya yi a tashar ITV ba su kama ƙafar na baya ba, giya ta ci ƙarfinsa, ya tafi Ostireliya neman sabon farawa, ya kashe kansa a Sydney a Yunin 1968 yana da shekara 44.

Su kuwa marubutan da ya yar, BBC ta ba su fili su rubuta abin da suka ga dama, sai ga Steptoe and Son a 1962. Uba da ɗa ne 'yan gwangwan, suna yawo da keken doki a yammacin Landan suna sayen tsummokara da tsofaffin ƙarafa. Ɗan, Harold, ya kusa 40, yana son ya karanta littattafai, ya yi aure, ya fita ya zama mutum. Tsohon, Albert, ƙazami ne mai wayon tsiya, duk lokacin da ɗan ya kai bakin ƙofa sai ciwon zuciya ya taso masa. Wannan karon ba su ɗauki 'yan barkwanci ba, 'yan wasan kwaikwayo na sosai suka nema, Harry H. Corbett da Wilfrid Brambell, wanda shekara 13 kacal ya ba “ɗan” nasa. A fitowar farko Harold ya ɗaure kayansa a keke zai tafi, uban ya hana shi dokin, ya shiga tsakanin sandunan da kansa yana ja, keken ya ƙi motsi, ya fashe da kuka. Shirin ban dariya ke nan fa. Farin jininsa ya kai a zaɓen 1964 Harold Wilson, shugaban jam'iyyar Labour, ya roƙi shugaban BBC Hugh Greene a ɗage maimaicin shirin daga yammacin ranar zaɓe, don kada leburori su zauna kallo su ƙi fita jefa ƙuri'a. Aka ɗage shi zuwa bayan rufe rumfuna. Labour ta ci da rinjayen kujera 4.

In ka riƙe wannan hoton, na mutumin da yake ganin ya fi ƙarfin inda yake amma ba shi da ƙofar fita, to ka riƙe mabuɗin kusan duk abin da ya biyo baya. Kyaftin Mainwaring na Dad's Army, wanda aka yi daga 1968 zuwa 1977, manajan banki ne da ya taso da guminsa ya naɗa kansa kwamandan tsofaffin 'yan sa-kai masu jiran mamayar Jamus, amma abin da ke hana shi barci ba Hitila ba ne, sajansa ne Wilson, wanda yake ƙarƙashinsa a banki da bariki alhali ɗan babban gida ne. Basil na Fawlty Towers mai ɗan otal ne da ya tsani baƙinsa don ba su kai ajin da yake so ba, kuma a fitowar farko ɗan damfara ya wanke shi tas don kawai ya kira kansa Lord. Wannan shirin kashi 12 ne kacal, 6 a 1975, 6 a 1979, John Cleese da Connie Booth suka rubuta suka tsaya. A 1966 ma an yi wani ɗan gajeren wasa da ya faɗi abin ƙarara: Cleese dogo, Ronnie Barker matsakaici, Ronnie Corbett gajere, suka jeru, na sama yana raina na tsakiya, na tsakiya yana ɗaga kai ga na sama yana raina na ƙasa, na ƙasa ya ce shi ya san matsayinsa.

To me ya sa ba su iso mana ba? Ka ɗauki Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma daga rediyo ya faro a Kaduna kafin talabijin. Ka fassara wa Bature shi. Zai ga soja mai gashin baki yana hargagi, amma daɗin yana cikin Hausar bariki, yadda ake karya ta a cakuɗa da Turancin soja, da abin da wannan bakin yake gaya maka game da mai maganar. Wannan ba ya shiga fassara. Haka Hancock yake a wurinmu. Ga kuma lokaci: talabijin ta zo Kaduna a 1962, amma ba ta bazu a gidaje ba sai shekarun 1970 da kuɗin mai ya shigo, lokacin Hancock ya riga ya mutu, shirye-shiryensa kuma baƙi da fari ne. Abin da ke kasuwa sabo shi ne Some Mothers Do 'Ave 'Em, 1973 zuwa 1978. Ba na raina shi. Michael Crawford, wanda ya fito a Frank Spencer a cikinsa, da kansa yake yin duk abubuwan haɗarin nan, har da wanda ya bi titi a kan takalmin taya yana riƙe da bayan bas ya kutsa ƙarƙashin babbar mota, kuma wannan ba ya buƙatar tafinta. Haka Benny Hill ya ci kasuwar duniya, haka Mr Bean da kashi 15 kacal. Shi Rowan Atkinson ɗin ma, mai fitowa a Mr Bean, a gida da yawa sun fi girmama shi saboda shirin Blackadder, inda bakinsa ya fi reza.

Mind Your Language lamarinsa daban ne. An fara shi a 1977, Barry Evans ne malamin, kuma Michael Grade, ɗaya daga shugabannin tashar da ke yin sa, ya dakatar da shi a 1979 don yana ganin raini ne ga baƙi: Ali ɗan Pakistan da Ranjeet Basikhe kullum faɗa, 'yar Sin kullum karanto maganar Mao, Bafaranshiya kullum kwarkwasa. Yana da gaskiya ta ɓangarensa. Amma ina ganin abin da mu muke wa dariya daban ne da abin da Bature yake wa dariya. Shi yana kallon baƙo yana kwaɓa harshensa. Mu kuwa kowannenmu ya taɓa zama a wannan ajin, an taɓa dukansa a kan Turanci, don haka muna tare da ɗaliban, Turancin ne abin dariyar. Shi ya sa aka kwaikwaye shi a Indiya, aka kwaikwaye shi a nan Najeriya.

Kada kuma in yi maka kwalliya da zamanin. BBC ta ci gaba da nuna The Black and White Minstrel Show, inda Turawa ke shafa baƙi a fuska suna waƙa, har 1978. Milligan da na yaba ɗazu ya shafa fuska ya fito a ɗan Pakistan a Curry and Chips a 1969, aka tsayar da shirin bayan kashi 6. Johnny Speight ya ƙirƙiri Alf Garnett don a yi wa mai wariyar launi dariya, sai ga masu wariyar suna tare Warren Mitchell, wanda ya fito a Alf ɗin, a titi suna yaba masa. Wanda ya fi burge ni a wannan fanni Rising Damp ne, inda Rigsby mai gidan haya, matsolo mai ƙyamar baƙar fata, yake zaune da ɗan haya Philip, wanda Don Warrington ya fito, mai cewa shi ɗan sarki ne daga Afirka. Philip ya fi shi ilimi, ya fi shi iya Turanci, ya fi shi farin jini wurin mata, sai ƙyamar Rigsby da kwaɗayinsa na kusantar jinin sarauta suka dinga kokawa a cikinsa.

Akwai dalili na ƙarshe, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Da yawa daga cikin shirye-shiryen nan babu su. Kaset ɗin bidiyo na lokacin, mai faɗin inci 2, yana da tsada ƙwarai, sai a goge a ɗora sabon shiri a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaici, sannan da hoto mai launi ya zo a ƙarshen shekarun 1960 aka ga baƙi da fari ya zama tarkace. Sai a 1978 BBC ta kafa tsarin adana na sosai. Cikin kashi 63 na Hancock a talabijin, 26 sun tafi. Ɗan barkwanci Peter Cook ya nemi ya saya wa BBC sababbin kaset don a bar masa shirinsa da Dudley Moore, aka ƙi. Wasu kashi na Steptoe sun tsira ne kawai don an ɗaukar wa marubutan kwafi a na'urar gida.

Amma BBC tana sayar da kwafi a fim mai milimita 16 ga tashoshin ƙasashen waje, wannan tasha ta nuna ta tura wa ta gaba, ta ƙarshe ta mayar ko ta ƙone. Ba kowa ya bi umarnin ba. A 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi 9 na Doctor Who da aka fitar da rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Wannan ba shirin barkwanci ba ne, amma shi dai mutumin ya samo wani kashi na shirin barkwancin Morecambe and Wise na 1968 a Najeriya, fim ɗin ya narke ya dunƙule yana warin tsami, har sai da masana a jami'ar Queen Mary ta Landan suka yanka shi gunduwa-gunduwa suka leƙa cikinsa da na'urar hoton ƙashi don ciro hotunan. A 2018 kuma aka sami wasu kashi 2 na shirin a wani kangon gidan silima a Saliyo. Ni kaina na taɓa zuwa wata tasha neman wani wasan Hausa da muka kalla muna yara, mai kula da ɗakin ya ce mini an ɗora labaran gwamna a kan kaset ɗin tun tuni. Na Turawa ya kwana a wurinmu shekara 40 lafiya lau.

Game da inda za ka fara, kada ka fara da Goon Show, zai kore ka. Fara da Yes Minister na 1980, don duk wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya ya san Sir Humphrey, babban sakataren da ke ce wa minista to ranka ya daɗe alhali ya riga ya binne maganar a kwamiti. Daga nan Fawlty Towers, sai fitowar farko ta Steptoe mai suna The Offer. In kunnenka ya saba, ka nemi Sunday Afternoon at Home, ka sa abin ji a kunne, ka rufe ido, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ake yi ba wanda ya ce uffan. Tashar BBC Radio 4 Extra tana maimaita su Hancock da Goons har yanzu, da yawa kuma suna YouTube.

The Blood Donor ka bar shi sai ka ga wasu na Hancock tukuna, kuma in ka zo kansa ka kalli idanunsa. Kwanaki kaɗan kafin a ɗauka ya yi haɗarin mota ya bugu a kai, bai samu ya haddace maganganunsa ba, sai aka jera masa na'urorin karatu a bayan kyamara. Za ka ga yana magana da likita amma idonsa yana ɗan gefe, yana bin rubutu. Daga ranar ya ga ashe ana iya yi ba hadda, ya kama dogara da allon karatu har ƙarshen aikinsa, fuskar nan kuma da ake tsayar da na'ura a kanta ta daina motsi kamar da.